Dabinon daji na Bengal: yanda ake tatsar ruwansa a dafa shi ya zama mazarƙwaila

A ƙasar Bengal, wato Bangladash da jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya, akwai wani dabino da ba don 'ya'yansa ake barinsa a gona ba. 'Ya'yan ƙanana ne, ƙwallo ya cinye kusan duka, naman ɗan siriri, yara da tsuntsaye ne ma suka fi damuwa da su. Abin da ake so a jikinsa shine ruwan da yake ɗiga idan an fere wuyansa lokacin sanyi, shi ake tara wa cikin dare a dafa da sassafe ya zama wata irin mazarƙwaila mai ƙamshin hayaƙi da suke kira kejur gur. Bishiyar su suna ce mata kejur, masana tsirrai kuma Phoenix sylvestris, dangi ɗaya ne da dabinon da muka sani da kuma kajinjiri na bakin fadama. Asalinta Indiya ne da kudancin Pakistan da Bangladash da Nepal har zuwa Myanmar, tana fitowa da kanta a bakin gona da gefen hanya da bakin kududdufi, tsayinta daga mita 4 har zuwa 15, ganyen kuma ya kan kai mita 3 da ƙayoyi masu kaifi a gindin zarɓar.

Masu wannan sana'a a Bangladash sunansu gachi, a ɓangaren Indiya kuma shiuli, kuma yankin Jashore na Bangladash shi yafi suna a harkar. Toh ga yanda aikin yake daga farko, zan ɗan jima a wajen yanka da wajen dafawa saboda nan ne ake gyarawa ko a ɓata.

Da farko, bishiyar da lokacin

Idan daga iri za'a fara, a sani ita wannan bata fitar da 'ya'ya a gindi yanda dabinonmu yake yi har a cire a dasa, ƙwallo ne kawai hanyarta. A wanke ƙwallon tas a cire duk wani nama, a jiƙa kwana biyu ana canza ruwa, a binne a leda mai zurfi saboda saiwar ƙasa take fara nufa kafin kaga komai a sama, kuma tsirowar tana iya ɗaukar makonni har zuwa wata uku, kar mutum ya gaji ya zubar da ledar. Tana son rana sosai, tana jure fari in ta kama, kuma ambaliyar 'yan kwanaki bata kashe ta. Akwai mace akwai namiji amma a wajen tatsa duka biyun suna bada ruwa. Abu ɗaya da za'a kula, dangin dabino suna saurin barbarar juna, in uwar tana kusa da wani irin dabino toh ƙwallon zai iya fitowa ruwa biyu.

Sai haƙuri, don ba'a sa mata wuƙa sai ta kai wajen shekara 6 zuwa 7, lokacin da gangar jikin ta fito sosai daga ƙasa. In an bi ta a hankali za'a shekara ashirin ko fiye ana tatsarta.

Lokacin kuwa sanyi ne kaɗai. Ana fara gyaran bishiya a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa mai kyau yana zuwa Disamba da Janairu, zuwa ƙarshen Fabrairu ko shigar Maris an tattara kaya. Duk daren da sanyi ya tsananta kuma sama tayi garau ruwan yafi yawa yafi zaƙi, daren da akayi hadari ko aka ɗan ji ɗumi kuwa sai ya fito kaɗan da gurɓata da ɗan tsami-tsami, shi yasa gachi yake duban sama tun la'asar yasan abin da zai tarar gobe.

Kayan aiki

Basu da yawa. Wuƙa mai lanƙwasa tsakanin adda da lauje wadda suke ce wa da, kuma yawanci biyu ne, mai nauyi ta sare zarɓa da mai laushin baki ta fera, ana wasa ta akan katako da yashi mai laushi har sai ta iya aske gashin hannu. Igiya mai kauri da zata zagaye bishiya da ƙugun mai hawa. Ɗan kwando da ake ratayawa a bayan ƙugu ana sa wuƙaƙen. Guntun gora da aka tsaga biyu, shine bututun da ruwa zai bi. Sai tukwanen ƙasa masu ƙaramin baki da igiya a wuya. Don Allah wanda bai iya hawa ba kar ya koya a doguwar bishiya, ana jingina baya ne a jikin igiyar a dafe gangar da tafin ƙafa, hannu biyu suna riƙe da wuƙa, ƙaya kuma tana daidai fuska.

Share wuyan bishiya

Mataki na farko shine a zaɓi gefe ɗaya, rabin zagayen wuyan kawai, yawanci gabas ko yamma. A sare tsofaffin ganyen da suka sunkuya a wannan gefen, a bar na sama da suke tsaye, sannan a bi gindin zarɓar da zare-zaren da ke naɗe a wajen ana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya har a iso wani fari mai laushi a ciki. Faɗin wajen da za'a buɗe kamar santimita 25 zuwa 30 ne kowane gefe.

Anan ne sabon hannu yake kashe bishiya. Dabino cibiya ɗaya gareshi, can tsakiyar kai inda sabbin ganye suke fitowa, in wuƙa ta kai nan shikenan babu wani reshe da zai tofo, sai dai a jira ta bushe a sare. Saboda haka ana aiki ne a ƙasa da cibiyar kuma a gefe, ba'a zurfafawa ko kaɗan.

In an gama sai a sauka a ƙyale ta sati ɗaya zuwa biyu. Farin nan zai bushe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yayi ɗan tauri. Wanda yayi gaggawa ya yanka tun wajen yana ɗanye ruwan da zai samu kaɗan ne kuma wajen yana iya ruɓewa.

Yanka da kafa bututu

Da la'asar ake wannan, ba da safe ba. A hau, a kankare busasshen saman nan, sai a ja tsaga biyu marasa zurfi daga sama hagu da dama su gangaro su haɗu a ƙasa, suyi baki mai tsini yana kallon ƙasa. Tsakanin tsagogin biyu sai a fere fatar siriri siriri, hannun wanzami ake so anan, wanda zai ɗauke gashi bai taɓa nama ba, abin da zai fita daga bakin wuƙa ya zama ɗan ɓawon da haske yake ratsawa. Cikin ɗan lokaci zakaga wajen ya fara naso, ɗigo-ɗigo suna fitowa suna bin tsagar zuwa ƙasa. Daidai inda tsagogin suka haɗu a kafa guntun goran nan, a ɗan buga shi ya shiga ya karkata ƙasa, a kafa ɗan turke ko a yi amfani da gindin zarɓa a rataye tukunya bakinta daidai ƙarshen bututun. Kafin ka sauka tsaya kaga ɗigon farko ya faɗa cikin tukunya ba gefenta ba, don mutane da yawa sun wayi gari sun tarar da gangar bishiya a jiƙe tukunya wayam.

Dalilin da yasa ake ta nanata siriri shine duk fera ɗaya tana ƙara cin jikin bishiya, kuma za'a yi ta maimaitawa wata huɗu. In kana zabga mata yanka mai kauri don ka samu ruwa da yawa yau, kafin Janairu ka riga ka kai wajen da bai kamata ba.

Tukunyar ma tana da nata gyaran

Ruwan nan yana fara lalacewa ne tun yana ɗiga, saboda sukarin da ke ciki da ƙwayoyin da suke maƙale a jikin tukunyar jiya. Shi yasa kullum in an juye ake wanke tukwane a kife su a rana, sannan a jera su baki ƙasa akan busasshen karan shinkafa a cinna wuta hayaƙi da zafi su shiga ciki. Wani ɓangare na ƙamshin da ake yabon gur ɗin da shi daga nan yake. Wasu kuma suna shafa farar ƙasa 'yar kaɗan a cikin tukunyar, irin wadda suke sa wa a ganyen da suke taunawa, tana hana tsami amma in tayi yawa ana jinta a baki. Yanzu akwai masu rataya robar lemo da jarka saboda arha da rashin fashewa, ni dai a ganina ci baya ne, roba bata turaruwa kuma bata riƙe sanyi yanda ƙasa take yi.

Kwana uku aiki, kwana uku hutu

Ba kullum ake yankan bishiya ɗaya ba. Daren farko bayan hutu shi yake bada ruwan da ake kira jiran, garau, mai zaƙi da ƙamshi, shine na ɗaya kuma daga shi ake yin gur na kirki. Rana ta biyu a ƙara fera kaɗan, ruwan wannan daren sunansa dokat, bai kai na farko ba amma yana da kyau. Dare na uku yawanci ba'a sabon yanka, sai dai a goge wajen, abin da ya fito yana da rauni, gur ɗinsa mai ruwa-ruwa ne mai ɗan tsami, na sayarwa da arha. Daga nan a bar ta kwana uku wajen ya bushe ta huta, sannan a dawo. Mai bishiyoyi da yawa sai ya kasa su rukuni-rukuni, yanda kowace asuba akwai waɗanda suke bada jiran.

Saukewa kuma tun kafin fitowar rana ne, ana idar da asuba ko ma kafin nan. Da rana ta ɗaga ruwan zai fara kumfa ya yi fari-fari, zuwa azahar ya zama tari, wato bammi mai sa maye, kaga ga musulmi ya tashi daga halal ya koma wani abu, ga mai dafawa kuma asara ce don ruwan da yayi tsami baya daskarewa ko an kwana ana dafa shi.

Maganar jemage, kar a tsallake ta

Mutanen can suna matuƙar son shan ruwan ɗanye da sanyin safiya, kuma nan ne matsalar take. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace suna zuwa cikin dare su lashi wajen da aka fere, yawunsu da fitsarinsu su gangara cikin tukunya, su kuma suna ɗauke da ƙwayar cutar Nipah ba tare da tana musu komai ba. Cutar an fara gano ta a Malesiya a 1998 zuwa 1999 ta hanyar aladu, a Bangladash kuma ta fara bayyana a 2001 a gundumar Meherpur. A gundumar Tangail, ƙarshen 2004 zuwa farkon 2005, mutum 12 suka kamu 11 suka rasu, kuma binciken wannan ɓarkewar ne ya nuna alaƙarta da shan ɗanyen ruwan kejur. Daga baya masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta icddr,b da ke Dhaka suka ɗaura kyamarar dare a jikin bishiyoyi, aka ga jemagun ƙuru-ƙuru suna lasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace cikin waɗanda suka kamu kashi 40 zuwa 75 cikin ɗari suna mutuwa, tana farawa da zazzaɓi da ciwon kai sai ruɗewa da suma saboda kumburin ƙwaƙwalwa, tana kuma iya bin mai jinya.

Abin yi guda biyu ne. A saƙa ɗan asabari na tsagaggen gora a ɗaura shi ya rufe tun daga wajen yankan har bakin tukunya, ba rami ko ɗaya, wannan yana rage zuwan jemagu sosai. Na biyun kuma shine mai muhimmanci, kar a sha ɗanye, ko an rufe, ko an tace, ko mai sayarwa ya rantse. Tafasa tana kashe ƙwayar, don haka gur ɗin da aka dafa lafiya lau ne. Mai saukewa ma ya wanke hannu da sabulu.

Dafawa

Ana haɗa murhun ƙasa tun dare, dogo mai baki ɗaya na tura makamashi, a tanadi busassun zarɓar da aka sare da kara. Kaskon da ake so mai faɗi ne marar zurfi, na ƙarfe, sau da yawa mai kusurwa huɗu, saboda faɗin ne yake sa ruwa saurin ƙonewa kafin ya samu damar yin tsami. A tace ruwan da ƙyalle mai tsafta kai tsaye cikin kaskon, zakaga ƙudan zuma da tururuwa da ɓawon itace sun tsaya a ƙyallen, sai a hura wuta da ƙarfi.

Sukarin da ke cikin ruwan bai wuce kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari ba, kenan sai ka ƙone wajen lita 7 zuwa 10 kafin ka samu kilo ɗaya, shi yasa makamashi yake cin kaso mai tsoka na ribar. Da ya fara tafasa farin kumfa zai taso, a dinga kwashewa da ludayi ana zubarwa, in an bar shi gur ɗin zai yi duhu da ɗaci. Awa biyu zuwa uku ana abu ɗaya. Launin zai tashi daga fari kamar ruwa ya koma ruwan ɗorawa, sannan ja-ja, ƙananan kumfa su koma manya masu fashewa a hankali suna fut fut, ƙamshin kuma ya cika unguwa. Daga lokacin da ya fara ja a janye wuta, a riƙe muciya ana juyawa ba tsayawa musamman kusurwoyi, don minti biyu na sakaci ya isa yayi ƙanzo, in kuwa ƙauri ya shiga babu abin da zai fitar da shi.

Inda zaka sauke shi ya danganta da abin da kake so. In ka ɗaga ludayi yana zuba a hankali, ɗigon ƙarshe yana jan ɗan zare, wannan shine mai ruwa da suke kira jola gur, in na sabon jiran ne kuma nolen gur, wanda mutanen Kolkata, babban birnin Bengal ta Yamma, suke jira duk shekara. In ka ƙara masa wuta kaɗan ka zuba a tukunyar ƙasa ya kwana biyu zai yi tsaki-tsaki a ƙasa da ruwa a sama. Mai tauri kuwa sai an ƙara gaba, gwajinsa shine ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya dunƙule ka iya murza shi da yatsa bai narke ba toh ya kai, ga mai ma'aunin zafi wajen digiri 115 zuwa 120 na Celsius kenan.

Yanda ake sa shi ya daskare

Wannan mai taurin sunansa patali, kuma akwai wata dabara da in ba'a yi ta ba zai tsaya yana danƙo ne kawai. A sauke kaskon a ɗan karkata shi, a ja kamar ludayi ɗaya ko biyu zuwa gefen da babu komai, a sa guntun zarɓa ko muciya a dinga goga shi a jikin ƙarfen da sauri da ƙarfi. Zakaga ya fara canzawa, sheƙin ya tafi, ya yi haske ya koma gari-gari. Wannan shine irin. Sai a mayar da shi cikin sauran a juya sosai, ƙananan ƙwayoyin sukarin da suka fito sune zasu ja sauran su daskare. Da ka ji muciya ta fara nauyi kar ka jira, juye a mazubi nan take, ɓawon kwakwa ne ko ƙananan kasake ko faranti da aka shimfiɗa wa ƙyalle ko ganyen ayaba. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya kama, a kife a cire.

Patali na gaske launinsa ruwan ƙasa mai duhu ne, yana da ɗan laushi, ka danna da babban yatsa ya ɗan shiga, a baki kuma narkewa yake. Wanda kaga yayi fari-fari yana ƙyalli da tauri ƙwarai yawanci an zuba masa sukarin kanti, wasu ma har da sinadarin sa haske, kuma wannan algus ɗin ya zama ruwan dare a kasuwannin can saboda buƙata tafi ruwan yawa, bishiyoyin suna raguwa, masu ƙona jan bulo sun sare da dama sun yi makamashi, matasa kuma basa son hawa.

Ajiya sai a kula da danshi. Patali a naɗe shi a sa a mazubi mai murfi a wuri busasshe ko firji, zai yi watanni. Mai ruwan baya daɗewa, in ya fara kumfa a sake tafasa shi. Su can suna zuba shi a payesh, wato shinkafa da madara, sai dai ana sauke madarar ta ɗan huce kafin a sa gur ɗin in ba haka ba ta tsinke. Suna sa shi a wainar shinkafa kala-kala da ake kira pitha musamman a bikin girbi na tsakiyar Janairu, da alawar madara irin su sandesh, da kuma moa, wato dunƙulen guggurun shinkafa na garin Joynagar da ke kusa da Kolkata, wanda ba'a samunsa sai lokacin sanyi.

Ƙarshen kaka da shekara mai zuwa

Da zafi ya fara shigowa ruwan ya fara wari tun cikin dare, a cire bututu a daina, a bar wajen ya warke duk bazara da damina. Shekara mai zuwa ba'a komawa wannan gefen, a juya ɗaya ɓangaren kuma a ɗan sama tunda bishiyar ta ƙara tsayi, haka ake ta yi gabas yamma gabas yamma, shi yasa tsohuwar kejur zaka ganta da gaɓa-gaɓa a karkace, har ana ƙirga shekarun da tayi tana aiki daga yawan tabon.

Nasan wani zai ce toh ai muma muna da dabino da sanyin hunturu. Gaskiya ne dabinon gida ma yana bada ruwa, a Tunisiya da Libiya suna tatsarsa suna kiransa lagmi. Amma bishiyar da ake tatsa 'ya'yanta raguwa suke sosai, kuma kuskure ɗaya na wuƙa ya isa ya kashe macen da aka shekara goma ana jira, ga shi jemagu masu cin 'ya'yan itace muma muna dasu cike da bishiyoyin gari. Wanda ya matsu sai ya gwada, ya nemi namijin da yayi yawa a gona wanda dama ana shirin cire shi, ya rufe da asabari, kuma ya dafa duk abin da ya samu kafin ya kai baki.